Yammacin Zanzibar: A Ƙafa Ko a Jirgin Ruwa?

Zanzibar gari ne da ba ya nuna kansa sai rana ta yi sanyi. Daga hantsi zuwa azahar zafin bakin teku kan kori mutane cikin inuwa, gumi na bin jiki ko da mutum a zaune yake. Amma da la'asar ta yi sakaliya sai lunguna su cika, masu gahawa su fito da butocinsu, yaran Islamiyya su watso kan hanya, masunta su nufi ruwa. Wannan ɗan tsakanin, daga la'asar zuwa bayan lisha, shi ne hajar da ta fi daraja a tsibirin, kuma kowa so yake ya sayar wa baƙo da ita: mai otal, kamfanin yawon buɗe ido, mai jirgin ruwa, har da saurayin da ke jingine da bango yana jiran baƙuwar fuska.

Wani ɗan kasuwar atamfa a Kantin Kwari da uwargidansa na cikin waɗanda suka shiga wannan ciniki. Alhaji ya daɗe yana son ganin kasuwar Kariakoo ta Dar es Salaam, ya ga irin yadin da ke tafiya a gabashin Afirka. Hajiya kuwa malamar labarin ƙasa ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Kano, ta shekara da shekaru tana zana Tekun Indiya a allo ba ta taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Aka yi yarjejeniya tun a gida: a gama harkar kasuwa, sannan a tsallaka tsibiri.

Batun takardu bai ɗauki dogon zance ba, sai dai ya ɗauki jira. Mai fasfon Najeriya ba ya karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri ya saurari amincewar hukumar shige da fice. Akwai katin rigakafin shawara, akwai kuma inshorar dala 44 da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun watan Oktoban 2024. Da suka kammala, jirgin Ethiopian Airlines ya ɗauke su daga filin Malam Aminu Kano, suka sauya jirgi a Bole da ke Addis Ababa, suka sauka filin Julius Nyerere a Dar es Salaam, inda agogo ke gaban na Najeriya da awa biyu.

Abu biyu suka fara ɗaukar idon Alhaji. Motoci a hannun hagu suke bi, don haka duk tsallaka titi sai ya waiga sau biyu. Na biyu, babu baƙar leda a kwata ko a kan bishiya, domin ƙasar ta hana amfani da ita tun 2019. Adaidaita sahu kuwa ga shi nan birjik, su bajaji suke ce masa. A Kariakoo ya yini yana murza kitenge tsakanin yatsu yana gwada nauyinsa da na atamfar da yake sayarwa, Hajiya kuma ta tsaya kan kanga, zanen da ake sayarwa bibbiyu, ɗaya a ɗaura ɗaya a yafa, kowanne da zancen hikima rubuce a gefensa.

Tashar jirgin ruwa tana bakin gari, daura da babban cocin St Joseph. Baƙo na biyan dala 35 a kujera mafi araha, kuma a ofishin kamfanin ake sayen tikiti da fasfo a hannu, ba wurin masu tare mutum a bakin ƙofa ba. Tafiyar ba ta kai awa biyu da rabi ba. Da aka fita daga mashigar Dar es Salaam ruwa ya fara ɗaga jirgin yana saukewa, ma'aikata suka bi layi suna raba 'yan jakunkuna saboda masu amai. Alhaji ya rufe ido yana jan carbi. Hajiya ba ta bar taga ba har fararen gine-ginen bakin gaɓa suka bayyana, hasumiyar masallaci da ta coci na leƙowa ta bayansu.

A tashar Zanzibar an sake duba fasfo, duk da cewa ƙasa ɗaya ce. Dalili shi ne tsibiran Zanzibar, wato Unguja da Pemba, masu mutane kusan miliyan 1.9 a ƙidayar 2022, suna da shugabansu da majalisarsu duk da haɗewarsu da Tanganyika a ranar 26 ga Afrilun 1964.

Masaukinsu na cikin tsohon gari, wanda Turawa ke kira Stone Town, 'yan gari kuma Mji Mkongwe. Mota ba ta shiga, sai mai kura ya loda kaya suka bi shi a baya. Bakano ba zai yi baƙunta sosai a nan ba, don lungunan sun yi kama da na cikin birni, wajen Kurmi da Koki, inda mai babur ke danna oda kowa ya manne da bango. Bambancin shi ne gidajen nan bene ne hawa uku ko huɗu, da dutsen murjani da farar ƙasa aka gina su maimakon tubali da makuba. Kowane gida da dakalinsa a ƙofa, baraza suke kiransa, kuma aikinsa ɗaya da na gida: wurin hira da shan iska da ganin mai wucewa. Otal ɗin tsohon gidan wani attajiri ne da aka gyara, ɗaki dala 60 a kwana har da karin kumallo a saman soro. Gadon katako ne mai tsawo, sai an taka ɗan benci ake hawa, gidan sauro na rataye a kansa. Kafin su ajiye jaka an kawo shayi mai citta da kirfa.

Nan ciniki ya fara. A bangon ɗakin karɓar baƙi akwai allo ɗauke da jerin yawon yamma. Na farko shi ne shiga jahazi, jirgin katakon da iska ke turawa, a je kallon faɗuwar rana a kan teku, dala 35 kowane mutum, da kiɗa da abin taɓawa. Na biyu zagayen tsohon gari a ƙafa cikin ayari, dala 20. Na uku cin abincin dare a saman wani bene ana sauraron taarab, kiɗan gargajiyar da Siti binti Saad ta fito da shi duniya tun da ta naɗi faifai a Bombay a 1928, shi kuma wajen dala 40, sai an kama wuri tun da rana. Akwai har na zuwa Kendwa a arewacin tsibirin, inda ake raba dare ana rawa duk lokacin da wata ya cika. Wannan Hajiya ko karantawa ba ta ƙarasa ba.

A waje kuma ga 'yan kamasho, waɗanda mutanen gari ke yi wa laƙabi da papasi. Da sun ji baƙon harshe sai su rufa wa mutum baya, wannan ya ce jirginsa rabin kuɗi ne, wancan ya ce shi ya san kowane lungu. Akwai na kirki a cikinsu, amma mafi yawa ba su da jirgi ba su da lasisi. Nasu shi ne su kai baƙo wurin mai abu su karɓi la'ada, kuma la'adar daga aljihun baƙon take fita.

Hoton jahazin ya shiga ran Alhaji. Hajiya ta duba lokacin da aka rubuta a ƙasa, tashi ƙarfe huɗu da rabi, dawowa ƙarfe bakwai.

"Alhaji, magariba fa a tsakiyar ruwa za ta same mu. Kuma ka tambaye shi me ake sha a jirgin."

Ma'aikacin otal ɗin, wani matashi mai natsuwa, bai ɓoye ba. Ya ce jiragen ayari da yawa suna raba giya, domin yawancin masu shiga Turawa ne, kuma ba sa juyowa sai duhu ya shiga. Zanzibar na kusa da tsakiyar duniya, rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai saura duk shekara, kuma da ta faɗi dare ke rufawa ba wani jan lokaci. Duk yawon da aka gina kan faɗuwar rana, a kan magariba aka gina shi. Ya ce in suna so zai kira musu ɗan jagora mai katin hukumar yawon buɗe ido ta Zanzibar, su biyu kaɗai, su tsara tafiyar yadda ta dace da su. Ya ƙara da jan kunne guda: in ɗan gari ya ce "saa kumi", ƙarfe huɗu yake nufi, don a Swahili daga fitowar rana ake fara ƙirga awa. A riƙa tabbatar da lokaci da agogon hannu.

Ɗan jagoran ya zo bayan azahar don a daidaita. Magidanci ne haifaffen unguwar Malindi, sanye da farar kanzu da hula mai aiki, katinsa rataye a wuya. Yana jin Turanci da Larabci, Alhaji kuma ya tsinci Larabcin kasuwa a Jidda da Dubai, sai hira ta yi daɗi. Hajiya ce ta jero tambayoyi kamar tana aji. Su nawa za a tafi? Su biyu. Kuɗin ya haɗa da shiga wurare da abinci? Bai haɗa ba, waɗannan su za su biya da hannunsu, don su ga farashin da idonsu. Ina magariba za ta riske su? A bakin teku, wajen lambun Forodhani, masallaci na kusa. Ita fa? Ya ɗan yi shiru, ya ce masallatan tsohon gari da dama ba su da sashen mata, amma gidan yayarsa na nan bayan ganuwa. Wa zai dawo da su? Shi, har ƙofa. Ya nemi shilin 80,000, Alhaji ya taya, aka tsaya a 70,000, abin da bai kai dala 30 ba a canjin lokacin, ƙasa da kuɗin mutum ɗaya a jahazi.

Ƙarfe huɗu daidai, bayan sallar la'asar, suka fita. Ya ce a fara da Mkunazini don ana rufewa da wuri. A nan babban cocin Anglika yake, wanda aka soma ginawa a 1873 a kan filin kasuwar bayi, a shekarar da Sarki Barghash ya rufe ta bisa matsin Ingila. Ya sauka da su wasu ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a matsayin inda ake tsare bayi kafin a fito da su kasuwa. Rufin ya yi ƙasa har sai Alhaji ya sunkuya, tagar kuwa 'yar tsaga ce a bango. A tsakar gida akwai rami, a cikinsa mutum-mutumi biyar na maza da mata, wuyansu haɗe da sarƙar ƙarfe, aikin wata 'yar Sweden mai suna Clara Sörnäs a 1998. Ɗan jagoran bai sassauta labarin ba don baƙinsa Musulmi ne. Ya faɗa ƙarara cewa attajiran Musulmi sun yi wannan fatauci, ya ambaci Tippu Tip, wanda ya rasu a 1905 kuma gidansa na nan tsaye a Shangani. Hajiya ta daɗe a bakin ramin, sannan ta gaya masa cewa kasuwar Kurmi ta garinsu ma ta sayar da mutane ga ayarin da ke keta Sahara zuwa Tarabulus, amma babu wani abu a wurin da ke tuna wa yaran yau da hakan.

Daga nan suka ɓulla Darajani, kasuwar da aka gina a 1904. Gwanjon kifi da safe ake yi, da yamma masu dabino da burodi da kayan ƙamshi ke cin kasuwa. Ya wuce da su gaban shagunan da ke ƙulla kaya cikin kyawawan fakiti don baƙi, ya kai su inda matan gari ke awo. Hajiya ta damƙi kanumfari ta kai hanci, manya ne, jajaye, maiƙonsu na kama yatsa, ba irin busasshen da ke isa Kano bayan ya sha hanya ba. Yawancinsa daga Pemba yake zuwa. Shi ne arzikin da ya sa sarkin Oman Sayyid Sa'id ya baro Maskat ya mai da fadarsa Zanzibar a 1840, kuma gonakin kanumfarin ne suka ci ƙarfin bayin da suka gani a Mkunazini. Ta sayi na shekara guda, da kirfa da masoro. Ɗan jagoran ya koma gefe yayin ciniki, bai sa baki ba, mai kayan kuma bai miƙa masa komai ba. Alhaji, da ya san yadda la'ada ke tafiya a kasuwa, ya lura da hakan.

A cikin lunguna ya riƙa tsayar da su gaban ƙofofi. Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2000, yana da ɗaruruwan ƙofofin katako masu sassaƙa. Ta Larabawa mai kusurwa huɗu ce, sau da yawa da aya rubuce a samanta. Ta Indiyawa samanta a lanƙwashe yake, jikinta da manyan ƙusoshin tagulla, al'adar da aka ce ta samo asali daga kare ƙofa daga giwaye a Indiya. Da suka zo gidan da ake dangantawa da mawaƙi Freddie Mercury, wanda aka haifa a garin a 1946, ga ayarin Turawa cunkushe ana ɗaukar hoto. Ya tambaye su ko suna da sha'awa, suka ce a'a, sai ya karkata da su Hamamni, gidan wankan jama'a da Barghash ya gina. Wanda ke cikin ayarin mutum goma sha biyar ba shi da wannan zaɓi, inda aka tsaya nan zai tsaya.

Jaws Corner wata 'yar mahaɗa ce da lunguna suka haɗu, dakali zagaye da ita. Majalisa ce irin ta teburin mai shayi, sai dai nan gahawa ake sha, baƙa wuluk ba sukari, cikin 'yan ƙananan kofuna marasa mariƙi, a haɗa da kashata, alewar gyaɗa ko ta kwakwa. Butar tagulla na zaune kan garwashi, mai ita na ɗauraye kofuna cikin kwano yana zubawa ba ya ko kallo. Ana buga domino, ana gardamar siyasa da ta ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Simba da Yanga. Yara masu wucewa na gai da dattawa da "shikamoo", ana amsa musu da "marahaba". Da wani dattijo ya ji daga Najeriya suke, ya matsa ya ba Alhaji wuri, ya ce ya yi maƙwabtaka da alhazan Najeriya a Mina, ya ga yadda suke raba abincinsu da kowa. Da Alhaji ya sa hannu a aljihu, mai gahawa ya girgiza kai, dattijon ya riga ya biya.

Wajen ƙarfe shida suka fito bakin teku. Ga Ngome Kongwe, ganuwar da Omanawa suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Kusa da ita Beit al-Ajaib, fadar da Barghash ya gina a 1883, gini na farko da ya samu lantarki a tsibirin. Wani sashensa ya rufta a ranar 25 ga Disamban 2020 ana cikin gyara, don haka daga waje suka tsaya. A wannan bakin ruwa ne jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa fadar Khalid bin Barghash wuta a safiyar 27 ga Agustan 1896, yaƙin da bai kai minti 45 ba, amma ya bar mutum wajen 500 a ɓangaren Zanzibar tsakanin matattu da masu rauni. Yanzu a kan katangar samari ne ke sheƙowa da gudu suna wuntsilawa cikin ruwa, jama'a na tafi.

Rana ta yi ja ta nutse ta bayan jiragen, kiran salla ya tashi daga ko'ina, don tsohon garin kaɗai na da masallatai wajen 50. Alhaji ya bi ɗan jagora sahu. Mutanen nan galibi Shafi'awa ne, liman ya bayyana bisimilla, masallaci ya amsa amin da ƙarfi. Ba wanda ya dubi baƙon da ya saki hannu.

Hajiya kuwa tana hawa na biyu a gidan yayar. Ba harshen da ya haɗa su, amma an kai mata ruwan alwala, an shimfiɗa darduma, an miƙa mata sabuwar kanga. Da ta sallame sai ga faranti. Ta duba ta sake dubawa: waina ce. Kasko mai gurabu irin tanda na kan murhu a lungun kicin, matar na zuba ƙullun shinkafa tana juyawa da tsinke. Vitumbua suke ce mata, da madarar kwakwa da sukari ake kwaɓa ta, a ci da shayi maimakon miyar taushe. Hajiya ta karɓi tsinken ta juya guda biyu, gidan ya kaure da shewa. Da za ta tafi ta ciro turaren wuta na Maiduguri daga jaka ta ba matar, ita kuma ta ƙi karɓar kangarta.

Kafin su dawo lambun Forodhani, wanda gidauniyar Aga Khan ta gyara aka sake buɗewa a 2009, an jera tebura an kunna fitilu. Masu girki sanye da fararen riguna da dogayen huluna, gabansu tsibin kifi da jatan lande da ƙaguwa da pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas. Malikiyya ta halatta abin cikin teku, Alhaji ya sani, amma ido ya ƙi. A nan ɗan jagoran ya nuna amfaninsa. Ya ce kada su ci abin da aka gasa aka jera tun ɗazu, su zaɓi ɗanye a gasa a gabansu, kuma a yanke farashi kafin a ɗora a wuta. Ya kai su wurin wata mai urojo, inda 'yan gari suka yi layi: romo mai kauri ruwan ɗorawa, mai ɗan tsami, a zuba dankali da wani abu kamar ƙosai da soyayyen rogo da dafaffen ƙwai da yaji, kwano shilin 3,000. Suka ɗanɗana abin da ake kira pizar Zanzibar, wadda ba ta haɗa komai da ta Italiya ba, siririn ƙullin fulawa ne a cusa niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai a naɗe a soya. Sai mishkaki, tsiren nan. Alhaji ya ci tsinke biyu ya yanke hukunci: naman da bai ga ƙuli-ƙuli ba bai kai tsiren Kano ba. Amma ruwan rake da aka matse a gabansu tare da citta da lemon tsami, shilin 2,000, ya ce wannan kam ya kamata masu raken Ɗan Hassan da Kura su zo su koya.

Bayan lisha lungunan sun yi duhu, duk sun zama iri ɗaya. Ɗan jagoran ya raka su har ƙofar otal. Alhaji ya ƙara masa shilin 20,000 a kan abin da aka yi.

Jahazin ma ba su bar shi ba. Washegari ɗan jagoran ya haɗa su da wani mai jirgi, suka raba kuɗi da wani iyali daga Mombasa, da sharaɗi uku: ba giya, a dawo kafin kiran salla, kowa da rigar hana nutsewa. Mutanen tsibirin ba su manta da jirgin Spice Islander da ya kife tsakanin Unguja da Pemba a Satumban 2011 ba, mai jirgin bai yi musu ba. Da aka yi nisa da gaɓa aka kashe inji, samari biyu suka ja igiya, babban ƙyallen ya buɗe ya cika da iska, jirgin ya karkata ya miƙa ba ƙara sai ta ruwa. Hajiya ta ga darasinta a zahiri: iskar kaskazi da ke busowa daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Maris tana kawo jiragen Oman da Indiya, da ta kusi da ke mai da su gida daga baya. Daga can suka hangi tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, suka ga garin duka a jere.

A hanyar komawa Dar es Salaam suka auna biyun. Jirgin ya fi daɗin ido da sanyin jiki, amma daga nesa yake nuna garin, kuma da ba don ɗan jagoran ba da ba su samu irin wanda suka shiga ba. Zagayen ƙafa ya fi araha, shi ya kai su cikin mutane, shi ya ba su tarihin mai daɗi da mai ɗaci, kuma bai ci musu salla ba. Hukuncinsu ɗaya: mai yamma guda tak a Zanzibar ya ba ta tsohon gari.

Mai niyyar zuwa ya riƙe wasu abubuwa. Otal-otal na gabashin tsibirin, irin na Paje da Jambiani, fitowar rana suke kallo, kuma tsakaninsu da tsohon gari tafiyar wajen awa guda ce, don haka a tambaya ko kuɗin mota kai da kawo na cikin farashin. Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, ruwa kan ɓata yawon yamma. Da azumi tsarin garin kan sauya gaba ɗaya, sai a tsara da buɗa baki. Kafin ka ba kowa ko shilin ɗaya, ka nemi ganin katinsa, ka ji ku nawa ne, ka ji abin da kuɗin ya ƙunsa, ka tambayi inda magariba za ta same ka da wanda zai mai da kai masauki. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, shi za ka bi.